Isuhu da Ya Sare Uwar Lemu

Da hantsin ranar Talata ina ƙofar gidana a Tasawa, ina faɗa da akuyar maƙwabta da ta addabi zogalena, sai waya ta yi ƙara a aljihu. Zuwaira ce, babbar 'yar Malam Isuhu. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ita da ba ta taɓa kirana ba sai ta tambayi har lafiyar kaji. Ta ce, "Baba Laminu, Baba ya cika, yanzun nan." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi ta maimaita wannan, na zauna a dakali. Akuya kuwa na bar ta da zogale, ta ci ta ƙoshi.

Na hau mota zuwa Mayahi, daga nan ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni zuwa ƙauyenmu da ke gaba da Gidan Amumune. Duk tsawon hanyar tambaya guda ce take cin raina: ko Nomau zai zo? Wanda ya san Isuhu ya san abin da ya sa nake wannan tambaya, domin ba abin da marigayin ya nema a duniya ya rasa kamar yafiyar wannan mutum. Wanda bai sani ba, saboda shi nake wannan rubutu.

Isuhu taubashina ne, ɗan kawuna, kuma tare muka yi aikin malamin gona, yana gaba ina biye. Tun muna yara ba mu taɓa zama wuri guda ba tare da tsokana ba. Ni ina ce masa Wanzamin Itace, shi kuma yana ce mini Malamin Inuwa, wai duk gonar da muka je sai na fara neman gindin gawo kafin in dubi shuka. Ban musa ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Shi dai ba ya zama. Mutum ne dogo marar jiki, mai saurin tafiya, wanda idan yana magana da manomi yakan tsuguna ya ɗebi ƙasa yana murzawa, kamar da ita yake shawara.

Bayan farin farko na shekarun saba'in, lokacin da dabbobi suka ƙare kuma soja suka karɓi mulki, Isuhu ya yi wata tafiya kudu. Ya dawo da 'yan tsirarun rassan lemun zaƙi a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, kyautar wani abokinsa mai garka, wato lambu. Waɗanda suka hau motar tare da shi sun ba da labari cewa ruwan shansa ya riƙa zuba wa buhun, shi kuma ya iso da leɓe a tsattsage. A garkarsa ta bakin gulbi ya yi wa rassan aure, abin da 'yan boko ke ce wa girefi: a yanko idon reshe daga itace mai 'ya'ya masu kyau, a tsaga ɓawon wani ƙaramin itace mai ƙarfin saiwa, a cusa idon a ɗaure, su haɗu su zama itace guda. Ɗaya ne kawai ya kama. Amma da ya tashi, sai ya zama abin kallo, ganye shar, 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa. Mutane suka sa masa suna Uwa.

A ƙasarmu ba a hana iri. Kana iya hana mutum rancen hatsi ya yi fushi ya huce, amma ka hana shi iri, wannan abin kunya ne da za a goranta wa jikokinka. Isuhu kuwa ya wuce wuri a wannan al'ada. Ba ya jira a roƙe shi. Yakan yanki rassan Uwa ya ɗaura a bayan keke, ya bi garka garka yana yi wa mutane aure kyauta. Ya kuma samo wani irin lemun tsami mai jure ƙishi ya ce a kansa za a riƙa ɗora idon, tunda ƙasarmu ta koya mana abin da fari yake. Yana da wata wuƙa mai ƙotar ƙaho wadda ta zaga ƙauyuka fiye da mai ita, domin kowa ya ara ba ya hanawa. Sharaɗinsa guda ne: kafin ka yanka, ka gitta ta a harshen wuta, kamar yadda wanzamai ke yi wa aska. Da haka muka taso, mun yarda cewa abin da ya bi ta wuta ya tsarkaka.

Nomau maƙwabcinsa ne a garka, kuma amininsa. Manomi ne mai taurin kai da riƙon alkawari, irin mutanen da idan suka ce maka gobe to gobe ce. Shi ya fi kowa karɓar ɗiyan Uwa, ya cika garkarsa da su. Suka tashi da kyau a shekarun farko, daga baya suka tsaya cak, ganye ya fara ɗashewa. Ana cikin haka farin tamanin da huɗu ya sauka. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, rumbuna suka zama fayau, mutane suka riƙa kulle gidaje da ƙaya suna gangarawa kudu. Nomau ya zo wurin Isuhu, a gabana, ya ce, "Malam, ka duba mini iccen nan. In ba su da rai in kwashi ɗiyana in bi mutane." Isuhu ya duba, ya ce, "Ƙishi ne, Nomau. Ka riƙe su. In ruwa ya dawo za su miƙe." Da zuciya ɗaya ya faɗa, ni ma a ranar abin da zan faɗa ke nan.

Nomau ya zauna. Sansa na jan ruwa ya mutu, ya koma jan guga da hannu daga rijiyar da kullum take ƙara nisa. Iyalinsa suka rayu a kan dussa da ganyen jiga. Kafin damina ta zagayo, ƙyanda ta shigo ta tarar da yara ba ƙarfi, ta tafi da 'yar autarsa Indo, yarinya mai surutu da takan bi uban garka tana riƙe masa igiya. Mu muka binne ta, Isuhu ne ya sa ta a kabari.

Ruwa ya dawo, gero ya yi, amma itatuwan ba su miƙe ba. Ƙasa da inda aka yi auren, ɓawo ya riƙa tsagewa yana ɓamɓarewa kamar busasshiyar laka a tabki. Haka a garkar Nomau, haka a sauran garake, har wadda ba ta taɓa rasa ruwa ba. Uwa kaɗai ke tsaye lafiya lau. Na ga Isuhu ya rage cin abinci, ya daina mayar mini da tsokana. Da wani mai binciken cututtukan shuka ya biyo ta yankinmu, Isuhu ya ja shi garka ya sa ya yanki ɓawo daga marasa lafiya, ya kuma ce ya yanka daga Uwa. Baƙon ya yi dariya ya ce wannan ai ba abin da ke damunta. Isuhu ya ce, "Icce ba ya ƙarya, amma yana ɓoyewa. Yanki dai."

Baƙon ya tafi ya ɗora ɓawon a kan wani irin lemu mai saurin nuna ciwo, ya jira watanni. Da ya dawo bai yi dariya ba. Muka zauna a ƙarƙashin Uwa ya yi mana bayani. Ya ce abin sunansa biroyid, ba a daɗe da gano irinsa a duniya ba. Ya fi ƙwayar cutar nan da ake ce wa birus ƙanƙanta nesa ba kusa ba, domin birus ko ba komai yana da riga, wannan kuwa tsirara yake, ɗan zare ne kawai da ya naɗe kamar zobe. Ba ya tashi a iska, ƙwaro ba ya ɗaukarsa daga lemu zuwa lemu. Ta rauni yake shiga, ko dai cikin idon da aka ɗora, ko a bakin wuƙa. Zafin rana irin namu kuwa ƙara masa ƙarfi yake yi. Ya ce Uwa cike take da shi tun daga buhun da aka kawo ta, sai dai gindin da take kai yana jurewa, shi ya sa ba ta nuna ba. Gindin nan mai jure ƙishi da Isuhu ya zaɓar wa mutane, shi ne ba ya jurewa.

Isuhu ya ce, "To, wutar da muke gitta wuƙa hwa?" Baƙon ya girgiza kai ya ce gittawa a harshen wuta ba ta kashe shi, sai an tsoma wuƙar a ruwan jabel, wanda mata ke wanke fararen kaya da shi. Isuhu ya zaro wuƙar daga aljihu ya daɗe yana kallonta. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a zama guda ba sai ranar.

Baƙon ya so ya sassauta masa. Ya ce ba shi da magani, gaskiya ne, amma 'ya'yan ba sa cutar da mai sha, saboda haka ba dole ba ne a sare. A bar itatuwan su ba da abin da za su iya, a dai daina yankar iri daga jikinsu. Isuhu ya ce, "Malam, mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Nan garin, in dai icce na tsaye, wani za ya zo ya ce a sam mishi reshe, kuma ba mai iya cewa a'a. Ni kaina ba ni iyawa."

Abin da ya ƙara dagula lamarin, a lokacin hukuma ta tashi haiƙan kan noman rani don kada yunwa ta sake kama mutane haka. An ɗora wa wani hafsan soja kula da aikin a yankinmu, shi kuma ya sa Isuhu ya reni dashen lemu mai yawa daga Uwa, za a raba har Baoudetta da Urafane. Dashen ya isa rabo, an ma sa rana. Muka je muka sami hafsan a biro, wato ofishinsa, Isuhu ya yi bayani tiryan-tiryan. Ba zan zalunci mutumin ba, ya saurara. Sai ya ce, "Lemun yana kashe mutum?" Isuhu ya ce a'a. Ya ce, "Dashen yana da alamar ciwo yanzu?" Isuhu ya ce, "A'a, mon kapiten, sai bayan shekaru, lokacin da talaka ya gama zuba ƙarfinshi." Hafsan ya ce shi umarni aka ba shi, mutane na jin yunwa yau, kuma duk wanda ya taɓa dashen nan ya yi wa ƙasa zagon ƙasa. A wancan zamani ba a maimaita wa mutum irin wannan magana.

A hanyar komawa na yi iya ƙoƙarina in tausasa shi. Na ce, "Isuhu, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka bar Uwa, ka yi shiru, Allah ya san ba da gangan ka yi ba." Ya ce, "Da ban sani ba, Allah ya sani. Yanzu ni ma na sani." Washegari da rana tsaka, a gaban duk wanda ke garka, ya tara dashen nan ya rufe su da karan gero ya sa wuta. Na miƙa hannu in taya shi ya ture ni, ya ce, "Kai koma inuwarka, ɗiyanka ƙanana ne." Sannan ya ɗauki gatari ya nufi Uwa, tana ɗauke da 'ya'ya, a shekarar da mutane ba su gama mantawa da ɗanɗanon dussa ba. Mata suna salati, wani tsoho yana cewa ya haukace. Ya sa aka tsinke 'ya'yan aka raba wa yara, ya sare ta, ya tone saiwar ya ƙone.

Kafin a zo kama shi ya bi garake yana roƙon mutane su sare nasu. Wasu suka yarda, wasu suka zage shi tukuna sannan suka yarda. Garkar Nomau ya bari ta ƙarshe, ya ce in raka shi. Muka tarar da shi yana ban ruwa. Isuhu ya tsuguna ya faɗa masa komai, bai rage ko kalma don kare kansa ba. Nomau ya ajiye guga a hankali ya ce, "Wato ranar da na tambaye ka, sun riga sun mutu?" Isuhu ya ce, "Sun riga sun kamu. Ban sani ba." Nomau ya ce, "Da ka ce mini ba ka sani ba, da na tahi da Indo." Can ya ce, "Kada ka taɓa su. Ni na shayar da su, ni za ni kashe su." Ya sare su da hannunsa a ranar, bai bar ko ɗaya ba, kuma daga nan bai ƙara yi wa Isuhu magana ba.

An tsare Isuhu wata da watanni, aka sallame shi daga aiki. Bai taɓa ba ni labarin abin da ya gani a can ba, sai dai ya fito da tari da ya bi shi har kabari. Ya tarar an sauya masa suna a gari, ana ce masa Mai Ƙona Lemu. Bai yi gardama da kowa ba. Ya nemo iri mai tsabta wanda aka gwada, ya sake farawa daga reshe guda. Tun daga lokacin ba a ganinsa sai da ɗan kwalbar jabel a rataye, idan ya gama da itace ɗaya sai ya tsoma wuƙa kafin ya taɓa na gaba. Wuƙar ƙahon kuwa ya jefa ta a tsohuwar rijiya. Idan aka zo aron sabuwar yakan bayar, amma tare da kwalbar, yana cewa, "Wuƙa ba ta mantuwa." Yara suka mayar da maganar waƙar tsokana, da suka girma suka zama masu garka sai ga su da kwalabe. Isuhu yakan kuma ce wa masu rabon iri, "Kyauta ma a wanke ta."

Kowace Sallah, bayan an sauko idi, sai ya saka farar rigarsa ya tafi ƙofar Nomau neman gafara. Nomau na hango shi sai ya shige gida. Isuhu ya yi sallama, ya jira, ya juyo. Abin ya riƙa ba ni haushi har na ce masa ya isa haka, ai ba shi ya aiko da ƙyanda ba. Ya ce, "Laminu, ni na yi hasarar icce, shi ya yi hasarar ɗiya. Ba ni ne zan gaya mishi ranar hucewa ba."

Zuwaira ta yi karatun aikin gona mai zurfi, kuma na san ciwon ubanta ne ya kai ta. Wata rana bayan tsufa ya kama mu, muna zaune a garka, ya ce ta gaya masa abin da ya kasa ganewa duk shekarun nan: abu marar baki marar dafi, ƙaƙa yake kashe itace? Ta ce shi biroyid ba ya ƙera komai da kansa. Idan ya shiga ƙwayar halittar itace, yakan isa can ciki inda itacen ke kwafar saƙonnin da yake tafiyar da rayuwarsa da su. Da yake zaren ya yi kama da nasa, sai itacen ya ɗauka nasa ne ya yi ta kwafarsa. Daga nan ya bi ƙananan ƙofofi daga ƙwaya zuwa ƙwaya, ya faɗa hanyar abinci da ke ƙarƙashin ɓawo, ya gangara har saiwa. Ta ce abin da masana suka fi zato shi ne, idan itacen ya farga yakan daddatsa baƙon don kare kansa, amma guntayen sukan yi kama da wasu saƙonninsa na girma, sai ya haɗa har da su ya lalata. Shi ya sa yake tsumburewa, ɓawo ya tsage. Isuhu ya ce, "Ashe da hannunshi yake yi wa kanshi, yana zaton gyara yake." Zuwaira ta duƙar da kai, ni kuma na ce a kawo mana ruwa.

Na isa ƙauye ana gama yi masa sutura. Aka yi salla bayan azahar, jama'a har bayan masallaci, da yawansu masu garka ne da ke cin abinci da irin da ya raba karo na biyu. Na duba sahu sahu ban ga Nomau ba, zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Muna maƙabarta, an sa shi a makwancinsa, ana neman itacen da za a jera a rufe, sai ga amalanken jaki. Nomau ne, ya tsufa ya ranƙwafa, jikansa na jan akala. A bayan amalanken rassan lemu ne masu kauri, ɗanyu, an sassabe su daidai faɗin kabari. Da na sa hannu na ɗauki ɗaya, ƙamshin lemu ya buge ni, tare da warin jabel.

Ban san Nomau yana da lemu ba. Ya dube ni ya ce, "Irin nashi ne, na biyun. Ta hannun maƙwabci na amsa, ban so ya sani ba." Liman ya ɗaga murya ya roƙi jama'a duk wanda marigayi ya saɓa wa ya yafe masa. Nomau ya ce, "Na yahe mishi," da ƙarfi, yadda kowa ya ji. Wallahi na so in ce masa ya makara, na so in tambaye shi me zai rage shi da ya faɗi wannan a ƙofar gidansa, ranar Sallah guda, Isuhu yana tsaye da kunnensa. Amma na ga yana miƙo mini itacen, sai na karɓa na jera.

Ya Allah, ga bawanka Isuhu ya zo gare ka. Ya yi kuskure bisa rashin sani, da ya sani bai ɓoye ba, ya biya da aikinsa da sunansa da lafiyarsa. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa duk lemun da wani yaro zai sha daga irinsa ya zama sadaka mai gudana gare shi. Ka jiƙan Indo da duk waɗanda fari ya ɗauke mana. Ka ba Hajiya Rabi, matarsa da ta riƙe gida lokacin da yake tsare, haƙurin wannan rashi, ka albarkaci Zuwaira da ƙannenta, ka haɗa kansu. Ka sanyaya zuciyar Nomau, ka sanyaya tawa a kansa. Kuma ya Ubangiji, yafiyar nan da Isuhu ya yi ta zuwa nema yana komawa hannu wofi, ka isar masa da ita inda yake. Amin.